Ina Kayan Suke? Tambayar da Ke Cikin Kowane Umarni na Asembili

Sana'ata haɗa agogon masallaci, irin mai jajayen lambobin nan da ke nuna lokutan salloli biyar, da kuma allunan shago masu rubutu mai tafiya. A Sabon Garin Zariya nake, kuma har gobe yawancin agogunan da nake fitarwa aisin AT89S52 ne ke juya su, wato ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki, ɗaya daga zuriyar 8051 da kamfanin Intel ya fito da shi a 1980. Ya tsufa, amma yana da araha, ana samunsa, kuma na san halinsa ciki da bai. Da yaren asembili nake rubuta masa manhaja, wato yaren da ake ba aisi umarni ɗaya bayan ɗaya kai tsaye. Wannan ya sa duk lokacin da kakar furojet ta kama, ɗaliban manyan makarantun garin nan sukan biyo ta shagon da bod ɗinsu a leda, wasu tun daga Samaru.

Kusan kowannensu zai jero maka sunayen hanyoyin da umarni ke bi ya kai ga abin da zai yi aiki a kansa, tiryan-tiryan, ba gargada. Amma ka rubuta masa layi biyu da alama ɗaya ce ta raba su, ka ce ya faɗa maka abin da zai shiga rajista, wato ƙaramin ma'ajin lamba da ke cikin aisi, sai ya kama sosa ƙeya. A ganina ba sunayen ne abin riƙewa ba. Tambaya ɗaya ce ke ƙarƙashinsu duka: yaushe ake sanin inda kayan suke? Tun ranar da ka zauna kana rubuta manhajar, ko kuwa sai ta tashi tana gudu a cikin aisi?

Ga layi uku na 8051:

MOV A, #30H
MOV A, 30H
MOV A, @R0

Harafin H na nufin an rubuta lambar da lissafin heksa, mai tushe 16, don haka 30H ita ce 48 a ƙirgenmu na yau da kullum. A kuwa ita ce babbar rajista, inda kusan duk lissafi ke sauka. Layin farko ya ce a zuba 48 ɗin kanta cikin A. Kayan suna jikin umarnin, ba sai an je ko'ina ba. Layi na biyu ya ce a je gurbi mai lamba 48 a cikin RAM, memorin wucin gadi na aisi, duk abin da aka tarar a kwaso. Na uku bai ambaci gurbi ba ko kaɗan. Cewa ya yi a leƙa rajistar R0, lambar da ke cikinta a wannan lokacin ita ce adireshin, a bi ta.

Idan asembila, manhajar da ke fassara asembili, ta juya su zuwa lambobin da aisi ke fahimta, na farko ya zama 74 30, na biyu E5 30, na uku E6 kaɗai. Ka lura da biyun farko: kowace lamba a nan bayit ɗaya ce, wato bit takwas, kowane bit kuwa 0 ne ko 1, kuma bayit na biyu iri ɗaya ne sak. Aisin ba ya ganin alamar #, ba ta ma isa wurinsa. Bayit na farko ne ke gaya masa yadda zai ɗauki wanda ke biye, a matsayin adadi ko a matsayin adireshi. Shi ya sa idan yaro ya manta #, asembila ba za ta ce masa uffan ba, tunda duk biyun umarni ne ingantattu. Zai ƙona manhajar a aisi, ya kunna, agogo ya tashi yana nuna shirme, shi kuma ya koma yana zargin soda da waya.

Akwai wasu biyu masu sauƙi da ba zan daɗe a kansu ba. MOV A, R3 bayit ɗaya ne, EB, domin lambar rajistar tana cikin bit uku na ƙarshe: E8 na R0, E9 na R1, haka har EF na R7. Sai kuma umarnin da ba a faɗa musu wurin aiki saboda wuri ɗaya suka sani. MUL AB kullum A da B yake ninkawa. RET kullum daga saman tari, wurin da ake jibge abubuwa na ɗan lokaci a RAM, yake ɗauko adireshin komawa.

Lambar da na fi son gwada mutum da ita ita ce 90H, wato 144. Ka rubuta MOV A, #90H, ka samu 144 a hannu. Ka rubuta MOV 90H, A, ba ka ajiye komai a RAM ba, ka turo abin da ke A ne zuwa ƙafafu takwas na ƙofar P1, inda watakila lambobin agogo ke jone, nan take za ka ga sun canza. Ka zuba 90H a R0 sannan ka rubuta MOV @R0, A, yanzu kam RAM ka taɓa, P1 ko gezau. Ka rubuta SETB 90H, ƙafa ɗaya tak ka ɗaga, ta farko a P1, domin wannan umarnin adireshin bit yake karɓa ba na bayit ba. In kuma DPTR, rajistar da ake ajiye dogon adireshi, ce ke riƙe da 0090H, MOVX zai fita neman gurbin a memorin waje, MOVC kuma ya nufi ma'ajiyar manhaja.

Dalilin wannan cunkoso tarihi ne. 8051 na asali bayit 128 kacal yake da shi na RAM, daga 00H zuwa 7FH, sai aka ba rajistocin musamman, irin su ƙofofi da masu ƙirga lokaci, adireshi daga 80H zuwa FFH. Da aka zo yin 8052 aka ƙara wasu bayit 128, ba sauran lamba a cikin bit takwas. Sai masu zanen suka ɗora sabon RAM ɗin a kan adireshin da rajistocin musamman ke kai, suka bar hanyar isa ta raba gardama: in ka ambaci adireshin kai tsaye, rajistar musamman kake nufi, in ka bi ta R0 ko R1, RAM kake nufi. AT89S52 ɗina wannan tsarin ya gada. Duk wanda ya gane wannan ya daina ɗaukar adireshi a matsayin lamba tsirara. Sai an haɗa lambar da hanyar da aka bi kafin a san wurin.

To me ya sa za a wahalar da kai a bi ta R0, alhali ana iya faɗin gurbin kai tsaye? A ce kana da adadi goma a jere daga 40H kana son jimlarsu, mu ajiye maganar ambaliya a gefe. Hanya ɗaya ita ce ka rubuta ADD A, 40H, sannan ADD A, 41H, haka har 49H. Kowane layi bayit biyu, jimla ashirin. Ɗaya hanyar:

MOV R0, #40H
MOV R2, #10
CLR A
ZAGAYE: ADD A, @R0
INC R0
DJNZ R2, ZAGAYE

Wannan bayit tara ne gaba ɗaya, kuma in adadin ya koma hamsin, 10 ɗin nan kawai za ka canza. INC na ƙara wa R0 ɗaya, DJNZ kuma na rage R2 da ɗaya ya koma ZAGAYE har ta kai sifili. Layin ADD bai taɓa sauyawa ba, amma kowane zagaye gurbi daban yake tarawa, saboda adireshin ba a jikinsa yake ba. Sai dai ba kyauta ba ne. Da kiristal na megahaz 12, inda kowane zagayen inji ke cin bugun agogo 12, wato maikrosakan ɗaya, tarawa goma na kai tsaye maikrosakan 10 za su ci, na zagayen kuwa sun haura 40, domin INC da DJNZ ma suna cin nasu. Inda nake kunna lambobin allo ɗaya bayan ɗaya da sauri don ido ya gan su a tare, nakan zaɓi doguwar hanyar mai sauri. Inda wuri ya yi min ƙaranci, in koma zagaye.

Mutanen farko ba su da wannan zaɓin. A kan EDSAC, wadda ta fara aiki a Jami'ar Kambirij a 1949, mai son bin jerin lambobi sai ya sa manhajar ta ɗauko umarnin nata, ta ƙara wa adireshin da ke jikinsa, ta mayar da shi wurinsa, sannan ta sake gudanar da shi. Manhaja na gyara kanta tana cikin tafiya ke nan, kuma kuskure ɗaya ya isa ya lalata ta gaba ɗaya. A shekarar dai, a Manchesta, na'urar da Freddie Williams da Tom Kilburn suka jagoranci ginawa ta zo da wasu rajistoci da ake kira layukan B, waɗanda abin da ke cikinsu ake tarawa da umarni daidai lokacin da za a zartar da shi, ba tare da an taɓa ainihin wanda ke ajiye ba. Daga nan rajistar nuni ta samo asali. Ni da manhajata ke zaune a filash, wato ma'ajiyar manhaja, wanda ba ya rubutuwa yayin da aisi ke gudu, ko na so dabarar EDSAC ba ni da halin yin ta.

Waɗanda suka karanta aisin 8085 sun san wannan da wata fuskar. A can, harafin M na nufin gurbin da rajistocin H da L a haɗe ke nunawa. LDA 2050H bayit uku ne, 3A 50 20, ƙaramin rabin adireshin ne ke fara zuwa, abin da ke rikita duk mai shigar da lambobi da hannu a karon farko. Bugun agogo 13 yake ci: huɗu na ɗauko umarnin, uku-uku na ɗauko rabi biyun adireshin, sai uku na ɗauko kayan. MOV A, M kuwa bayit ɗaya ne, 7E, bugu 7, tunda adireshin ya riga ya shigo cikin aisi. Wani abin da ke ba ni dariya a 8085: duk umarnin MOV ana gina shi ne da bit 01 sannan lambar inda za a kai da ta inda za a ɗauko, M kuma lambarta 110. In ka bi tsarin, MOV M, M zai zama 76. Amma ɗauko abu daga gurbi a mayar da shi gurbin aikin banza ne, sai aka ba wa HLT, umarnin tsayawa, wannan lambar.

Tsalle ma adireshi yake buƙata, kuma shi ma yana da hanyoyinsa. DJNZ na misalin sama ya zama DA FC. FC ɗin nan ba wuri ba ne, tazara ce: koma baya bayit huɗu daga umarni na gaba. Idan ka buɗe manhajar 8051 ka ga 80 FE, tsalle ne da ke komawa kan kansa har abada, inda muke ajiye aisi idan ya gama aiki. Amfanin irin wannan shi ne za ka iya ɗage guntun manhaja ka kai shi wani wuri ya ci gaba da aiki. Iyakarsa kuma bayit 128 baya, 127 gaba. Zagayenka ya yi tsawo ya wuce haka, a nan kam asembila za ta yi magana.

Yanzu ga inda sana'ata ta fi dogara. Kowace lambar agogo sanduna bakwai ne masu haske. Don a nuna 0 sai a tura 3FH zuwa ƙofa, 1 kuma 06H, 2 5BH, 3 4FH, haka har 9 da ke 6FH, a irin allon da ƙafar ƙasa ta haɗa sandunan. Babu wani lissafi mai sauƙi da zai fitar da 5BH daga 2. Sai dai a jera su goma a ma'ajiyar manhaja, a rubuta:

MOV DPTR, #SANDUNA
MOV A, R5
MOVC A, @A+DPTR
MOV P1, A

DPTR na riƙe da farkon jerin, A na riƙe da lambar da ake son nunawa, aisi ya tara su biyun ya samu adireshi. Irin kwatancen cikin birni ne. Ba wanda zai ba ka lambar gida a Kwarbai ko Limancin Kona. Ce maka za a yi in ka iso Babban Dodo ka shiga lungun dama, ƙofa ta huɗu. Wurin farawa sananne ne ba ya motsi, ƙirgen ƙofofin ne ke canzawa gwargwadon gidan da kake nema. Rabin adireshin an san shi tun ranar rubutu, ɗaya rabin sai manhaja na gudu.

A nan ne kuma gizo ke saƙa, domin A bit takwas ce, ba ta wuce 255. Jadawalin salla na shekara ya fi haka nesa ba kusa ba. Kwana 366, salla biyar, kowace bayit biyu, awa da minti: bayit 3,660. Ya shiga filash ɗin AT89S52 mai kilobayit 8 ba matsala, amma A ba za ta kai ƙarshensa ba. Ko wata ɗaya mai kwana 31 bayit 310 ne, ya fi ƙarfinta.

Yadda nake yi, ina da ƙaramin jadawali na bayit 24 wanda ba lokutan salla ne a cikinsa ba, adireshin farkon kowane wata ne, bayit biyu-biyu. Aisin DS1307, mai riƙe lokaci da ƙaramin batirinsa ko an ɗauke wuta, shi ke ba ni wata da kwana. A ce yau 15 ga Maris, ana neman La'asar. Da MOVC zan ɗauko adireshin Maris daga ƙaramin jadawalin, wanda ke bayit 600 daga farkon babban, tunda Janairu da Fabrairu na ware musu kwana 60. Sai in cire ɗaya daga 15, MUL AB ya ninka 14 da 10 ya ba ni 140, in tara da adireshin watan, in zuba sakamakon a DPL da DPH, rabi biyun DPTR, waɗanda su ma adireshinsu 82H da 83H ne. Yanzu DPTR na tsaye a farkon layin yau. La'asar ce salla ta uku, Asuba ta ci bayit 0 da 1, Azahar 2 da 3, don haka A ta zama 4 don awa, 5 don minti. Gaba ɗaya bayit na 744 daga farko. Adireshin da na ɗauko daga jadawali ne ya kai ni wani jadawalin, kuma a duk manhajar babu layin da ya ambaci 744.

Wannan na lokacin shigar salla ne. Lokacin tayar da iƙama kuwa liman da kwamitin masallaci ke yankewa, kuma yakan motsa, musamman da azumi. Shi ba na sa shi a filash. Yana zama ne inda ladan zai iya danna maɓalli ya gyara, in ba haka ba duk bayan 'yan makonni sai an kira ni in cire agogo daga bango.

Masu cewa asembili ta mutu, yanzu zamanin Arduino ne da yaren C, ba na musu da su a kan sauƙi. Amma tambayar ba ta tafi ko'ina ba, kwamfaila, manhajar da ke fassara C zuwa umarnin aisi, ce ke amsa ta a madadinka, kuma wani lokaci ba amsar da kake nufi take bayarwa ba. Wata ɗaliba ta taɓa kawo min irin agogon nan da ta haɗa da Arduino Uno.

"Malam, don Allah duba min. Lokacin agogo daidai yake, amma salloli sun haukace. Jiya Magariba ƙarfe 97 ya nuna."

Na ce, "A ina kika ajiye jadawalin?"

Ta ce da farko ya ƙi shiga, an ce mata memori bai isa ba. Dole ya ƙi: ATmega328P da ke kan Uno bayit 2,048 yake da shi na RAM, jadawalin kuma 3,660. Sai ta gani a intanet cewa a ƙara kalmar PROGMEM, ta ƙara, ya shiga. Wannan kalmar tana barin jadawalin ne a filash mai kilobayit 32, kada a kwafo shi RAM. Amma ta ci gaba da karanta shi da jadawali[i] kamar da.

"Kuma wallahi Malam na gwada da jadawali[4], daidai ya fito."

Wannan maganar tata ce ta nuna min ciwon. Idan lambar da ke cikin alamar [ ] tsayayya ce kamar 4, kwamfaila takan leƙa jadawalin tun tana fassara, ta ɗauko adadin ta dasa shi a jikin umarni, irin layinmu mai #. Ba a je ko'ina ba, don haka ba a ɓata ba. Idan kuwa i ce, wadda sai manhaja na gudu ake sanin ta, kwamfaila za ta lissafa adireshin ta sa umarnin LD, shi kuma LD ɓangaren RAM kawai ya sani. Adireshin daidai ne, amma na filash ne, aka je da shi RAM aka kwaso abin da aka tarar. A aisin AVR, dangin su ATmega328P, filash umarnin LPM ke karanta shi, ta rajistar Z, wato R30 da R31 a haɗe. A C kuma hanyar kiransa ita ce pgm_read_byte. Wurare uku ko huɗu ta gyara a manhajar, Magariba ta dawo hayyacinta. Labarin 90H ne dai a wani aisin.

8086 da Intel ya fitar a 1978 ba zan tsaya a kansa sosai ba, don ba na aiki da shi, amma ɗalibai na tambaya. Rajistocinsa bit 16 ne, adireshinsa kuma bit 20, megabayit ɗaya. Don cike giɓin, kowane adireshi sai an ninka rajistar sashe da 16 an tara. A MOV AX, [BX+SI+4], in rajistar sashe DS 2000H ce, BX 0100H, SI 0020H, gurbin shi ne 20000H da 0100H da 0020H da 4, wato 20124H. Abin da ake yawan mantawa: in BP ce a madadin BX, sashen SS ake ɗauka ba DS ba. 80386 na 1985 ya ƙara damar ninka rajistar nuni da 2, 4 ko 8 a cikin umarnin kansa, don jerin da kowane abu a cikinsa ya wuce bayit ɗaya. Lissafin da nake yi da layuka da yawa a 8051, a can babban ɓangarensa umarni ɗaya ne.

An taɓa ɗauka cewa yawan hanyoyin nan shi ne ci gaba. 6502 na 1975, wanda ya juya Apple II, kuma irinsa ne a na'urar wasan Nintendo ta kaset da muka taso muna jonawa a talabijin, hanyoyi 13 gare shi. VAX ta kamfanin DEC, ta 1977, ta kai abin maƙura: umarnin tarawa ɗaya na iya ɗauko adadi biyu daga memori ya ajiye amsa a wuri na uku, kowanne da tasa hanyar. Sai a farkon shekarun 1980 David Patterson a Jami'ar Bakale da John Hennessy a Jami'ar Sitanfod suka bi ta wata fuskar. Kwamfaila ba ta cika amfani da hanyoyin masu sarƙaƙiya ba, amma kowane umarni na biyan kuɗin kasancewarsu, domin aisi ba ya sanin tsawon umarni sai ya warware shi. Tsarinsu, RISC, ya ce umarnin ɗauko da na ajiyewa ne kaɗai za su taɓa memori, duk lissafi a yi shi tsakanin rajistoci. A kan wannan aikin aka ba su lambar yabo ta Turing ta 2017.

ARM, wanda Sophie Wilson da Steve Furber suka zana a kamfanin Acorn ya fara aiki a 1985, wannan layin ya bi, kuma zuriyarsa ce a cikin Tecno ko Itel ɗin da kake karanta wannan rubutun da ita. Sai dai ya riƙe wasu dabarun. LDR R0, [R1], #4 zai ɗauko abin da R1 ke nunawa, sannan ya ƙara wa R1 huɗu da kansa, aikin da ni sai na sa INC daban. Ina ganin wannan daidai ne: bin jeri abu ne da kowace manhaja ke yi, ya cancanci gajeriyar hanya. Na VAX kuwa ya yi yawa.

Kwanan nan na fara gwada ESP32-C3, don agogon ya riƙa saita kansa ta intanet a masallatan da ke da ita. Cikinsa RISC-V ne, tsarin da aka faro a Bakale a 2010, kuma ya fi kowa rowa. A tushensa, hanyar isa memori ɗaya ce: rajista da tsayayyen ƙari na bit 12, daga 2,048 baya zuwa 2,047 gaba. Idan a1 na riƙe da farkon jadawalina, lbu a0, 744(a1) zai ɗauko awar La'asar ta 15 ga Maris. Disamba kuwa daga bayit na 3,350 take farawa, ƙarin ba zai kai ba. Kuma ko da ya kai, tsayayye ne, ranar rubutu ake sa shi, ba kamar A ta MOVC ba. Babu tara rajista biyu a cikin umarnin ɗauko. Don haka sai an ninka lambar ranar da 10, an tara da farkon jadawalin a rajista ɗaya, sannan lbu ya ɗauko da ƙarin 4 da 5. Sauƙin da na samu shi ne rajistocin bit 32 ne, lambar ranar shekara na shiga ɗaya ba tare da an raba ta wata-wata ba, don haka ƙaramin jadawalin nan na bayit 24 ba ya cikin sabuwar manhajar.